Takalmin Baba Dawuda

Asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Shisha a Makka ba wani babba ba ne. Bene ne mai hawa biyu, tsakanin mai gasa burodin tamis da wani shagon labule, in ba ka lura da allon ba sai ka wuce shi. Amma duk wanda ya ce maka soja yana ajiye aiki, bai taɓa zama a ɗakin jiran nan ba. Kaki kawai mutanen nan suka bari a gida. Za ka ga tsoho ido ya yi fari, da ƙyar yake jan ƙafa, amma da ya hango wanda ya taɓa fin sa igiya sai ƙirji ya fito, hannu ya tashi zuwa goshi. Ko ruwan sanyi za a sha, sai an duba wane ne babba.

Tahani ce shugabar ma'aikatan gaba, wato masu karɓar marasa lafiya, da ba su lokacin ganin likita, da amsa waya, da shan faɗan wanda ya gaji da jira. Haifaffiyar Makka ce, kakanta ne ya taso daga Kano ya zo aikin hajji, ya ga wuri ya zauna. Mace ce mai son tsari, irin wadda ko cokali a gidanta ya san wurinsa. Ranar Talata mutum biyu ke aiki a ƙarƙashinta. Akwai Ma'aruf, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, mai tumbi da fara'a, ya san sunan jikan kowane tsoho amma kullum neman bironsa yake. Akwai kuma Manar, sabuwar ɗauka, mai kaifin ido da ƙarancin magana. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ta sunan abinci ba, kuma abin da kwamfuta ta ce shi ne gaskiya a wurinta.

Doka ɗaya ce Tahani ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a ambaton ciwon mutum a ɗakin jira. Ta taɓa jin Ma'aruf ya ɗaga murya yana tambayar wani tsoho ya fitsarin, ya fara sauka? Ranar ta ja shi ofis ta wanke shi tas, har ya kwana biyu yana gaishe ta da kai kawai. Ta ce mutanen nan ƙarfinsu ya tafi, albashinsu ya ragu, 'ya'yansu sun watse garuruwa, abin da ya rage musu shi ne mutuncinsu, kuma ba a teburinta za a zubar da shi ba.

Talata ce kaɗai ranar da likitar ƙafa take zuwa daga Jidda, kuma da an kira azahar take haɗa kayanta. Wata Talata da safe ta leƙo ofishin Tahani, ko zama ba ta yi ba.

"Ina mutumin nan mai ciwon suga, Dawuda? Sau ɗaya na ga ƙafarsa, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Kullum sunansa na cikin waɗanda zan gani, kullum a ce mini bai zo ba. In ciwon ya kai ƙashi, ba maganar magani za mu yi ba, maganar yanke ƙafa za mu yi. Ki nemo mini shi."

Tahani ta fito ta tsaya bayan ma'aikatanta, ta yi ƙasa da murya ta tambaye su. Manar ta ce ita dai tana kiran lambarsa, ba ya tashi, sai ta rubuta bai zo ba.

"Amma ya zo?"

"Yana zuwa, Abla," in ji Manar, don haka take kiran Tahani. "Ga shi can ma a zaune."

Tahani ta juya ga Ma'aruf, wanda ya tsiri neman wani abu a aljihun tebur. Da ya ga ba mafita sai ya sosa ƙeya ya ce shi ne yake sake ba tsohon wani lokacin duk mako, ba tare da ya gaya wa kowa ba, don kada kwamfuta ta jefa shi ƙarshen layi.

"Wallahi Ustaza tausayi yake ba ni. Ba taurin kai ba ne. Saboda Kanar ne."

Ranar Tahani ta bar aikin ofis ya jira ta, ta jawo kujera ta zauna a gefen tebur tana kallon ɗakin.

Kanar Hamad yana zaune a kujerar da ke fuskantar ƙofa, farar riga fes, sanda a tsakanin gwiwoyi, bayansa a miƙe. In ka gan shi daga nesa sai ka rantse taro ya zo jagoranta. Sai ka matso za ka ga idon ba ya tsayawa a kan kowa. Tsufa ya cinye masa tunani, bai san shekarar da ake ciki ba, wata rana ma 'yarsa Haifa da ke kawo shi gashin ƙashi sai ya tambaye ta 'yar wane gida ce. Abu ɗaya ne mantuwa ta kasa ɗauke masa. Ko an kira shi sau nawa, ba ya tashi muddin akwai sauran mutum a ɗakin. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yara su fara." Yaran nan kuwa ƙaraminsu ya aurar da jika.

Kujera biyu a bayansa, ɗan gefe kaɗan, nan Baba Dawuda yake zama. Dogo ne baƙi, siriri, gemunsa fari ƙal, daga unguwar Tandabawi yake zuwa. Duk zafin Makka, da kowa ke yawo da silifa, shi baƙin takalmi sau-ciki yake sawa, ya sha mai yana ƙyalli, igiyar a ɗaure tam. Manar ta kira lambarsa. Ya dubi takardar da ke hannunsa, ya ninke ta, ya mayar aljihu. Ta sake kira. Ya ɗaga kai yana nazarin fankar rufi kamar an ba shi aikin gyara ta.

Haka aka yi ta tafiya har ɗaki ya fara watsewa. Da ya rage saura su biyu, sai Baba Dawuda ya miƙe a hankali ya fice baranda ya laɓe, don Kanar ya ga ba kowa. Haifa ta ce, "Baba, duk sun shiga." Kanar ya waiga dama da hagu, ya gamsu, ya tashi. Yana kaiwa ƙofar ɗakin gashi sai ga Baba Dawuda ya dawo da saurin da ƙafar ta yarda da shi, ya riga su kama mariƙin ƙofa, ya buɗe, ya ƙame, Kanar ya shige bai ko dube shi ba, sannan Baba Dawuda ya ja ƙofar ya rufe a hankali. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, likitar ƙafa kuma ta fito da jakarta ta nufi mota.

Tahani ta same shi a baranda ya jingina da bango, ya ɗage ƙafar hagu daga ƙasa, zufa na bin wuyansa. Da ya gan ta sai ya sauke ƙafar. Ta gaishe shi da Hausa, don ta san da ita zuciyarsa ta fi buɗewa.

"Baba, likita tana nemanka. Ta ce abin ba na wasa ba ne."

"Ɗan ƙurji ne, ya binti, 'yata. Ina sa masa zuma."

"To ka bari ta ga ɗan ƙurjin. An kira ka ina ji ina gani."

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya yi tambayar da ta fi shekarunsa.

"Ke 'yar gidan wa ce? A'a, jikar Malam Nuru mai ɗinkin hula? To ai ke tawa ce. Saurara. Ni direban mutumin nan ne tun yana ƙaramin hafsa. A bakin iyaka, shekarar yaƙi, bai taɓa sa loma a baki ba sai sojan ƙarshe ya ci. Abin da ya rage a gindin tukunya shi yake ci. In mun yi doguwar tafiya a ƙasa, da yamma sai ya jera mu ya ce kowa ya cire takalmi, ya durƙusa da kansa yana duba ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya. Hafsa guda, ya binti, yana riƙe ƙafar kurtu. Yanzu kowa sai ya tashi ya shige ya bar shi a kujera. Ba laifinsu ba ne, shi ya ce su shiga. Amma ya kamata a ce akwai mutum ɗaya a bayansa. Direba ba ya shiga mota sai ya rufe wa maigida ƙofa. Haka aka koya mini, ban iya wani ba."

"Ya gane ka kuwa?"

"Ni na gane shi."

Tahani ta dubi ƙafar hagun. Can ta ce to, in Talata ba za ta yiwu ba, za ta haɗa shi da babban asibiti, gobe ma su gan shi. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce maƙwabcinsa a Tandabawi da ƙafa biyu ya shiga babban asibitin nan, da ɗaya ya fito, yanzu sai an ɗauko shi ake sauko da shi daga tudu. Shi a nan aka rubuta sunansa, a nan zai tsaya. Tahani ta dube shi da kyau, ta ga abin da Ma'aruf bai gani ba. Biyayyar gaskiya ce, ba ƙarya a ciki. Amma akwai tsoro kwance a ƙarƙashinta, kuma tsohon ya ji daɗi da ya sami abin da zai rufe shi da shi. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushinsa, duk a lokaci ɗaya.

Ta koma ofis ta yi abin da mai son tsari zai yi. In mutum biyu sun cushe a ƙofa ɗaya, ai sai a raba musu ƙofa. Ta kira Haifa ta roƙe ta a mayar da gashin Kanar ranar Laraba. Haifa malamar makaranta ce, sai da ta yi ta jujjuya darussanta kafin ta amince. Tahani ba ta shawarci kowa ba. Da Ma'aruf ya ga canjin ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa shi da ya yi makonni yana ɓoye mata abu, yau ba ranar ba da shawararsa ba ce. Ya rufe bakinsa.

Talata ta zagayo. Baba Dawuda ya shigo da sassafe, ya dubi kujerar da ke fuskantar ƙofa, ba kowa. Ya zauna a tasa. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗago. Tahani tana ofis tana amsa wayar shugaban asibiti, wanda ke son sanin dalilin da ya sa jira yake tsawo a ɗakinta. Kafin ta gama ba shi haƙuri ta fito, tsohon ba ya nan.

Manar ta ce ya zo tebur ya tambaye ta ina Kanar, ita kuma ta ce ba ta da izinin faɗin lokacin wani mara lafiya. Abin da aka koya mata ke nan, kuma Tahani ce ta koya mata. Manar ta ce ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Ya rasu ne?" Ta ce ba za ta iya cewa komai ba. Sai ya juya ya fita.

Da la'asar Haifa ta bugo. Ta ce sun dawo daga kasuwa suka tarar da Baba Dawuda a zaune a matattakalar gidansu a unguwar Aziziyya. Bai sami tasi ba, garin cike yake da masu Umara, sai ya taka. Da ya ga Kanar ya fito daga mota da ransa, ya miƙe zai sara masa, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, sai da ya dafa bango. Ta yi ta fama ya yarda ta kai shi asibiti, ya ƙi. Gida kawai ya bari ta kai shi. Ta ce takalmin nan na hagu ya jiƙe, kuma ba zufa ba ce.

Tahani ta ajiye wayar. Daga Shisha zuwa Aziziyya, da rana tsaka, a kan wannan ƙafa. Ita ta tura shi, da dabararta mai kyau a kan takarda. Ta ji kunya irin wadda ta daɗe ba ta ji ba.

Washegari kafin a buɗe ƙofa ta aiki mai gadi ya sayo tamis da wake, ta zuba shayi da na'ana'a, ta kira Ma'aruf da Manar ofis. Manar ta shigo ido ya kumbura, da gani ta shirya karɓar faɗa.

"Ki zauna. Abin da kika yi jiya daidai ne, ni ce na sa ki a wurin da daidai ɗin ya zama cuta. Ma'aruf, ka so ka yi magana na hana ka. To yanzu ina ji. Dabarata ta ƙare. Ku gaya mini abin da kuka sani."

Ma'aruf sai da ya kurɓi shayi ya ja aji tukuna, don irin wannan ranar ba kullum take zuwa ba. Ya ce shekarunsa a teburin nan sun koya masa abu ɗaya. Tsohon soja ba ya jin lallashi, ba ya jin tsoratarwa, likita kuwa a wurinsa farar hula ce mai farar riga. Umarni kawai yake ji, kuma sai daga bakin wanda ya fi shi. A duniyar nan mutum ɗaya ne zai ce wa Dawuda shiga ya shiga.

"Mutumin da bai san sunan 'yarsa ba," in ji Tahani.

"Shi fa."

"Kuma ba zan tsaya a gaban mutane in ce ga ciwon Baba Dawuda ba. Wannan kam ba zan yi ba."

Manar tana ta murza gefen mayafinta. Can ta ce, da ƙaramar murya, ita akwai abin da ta lura da shi, ba ta san ko yana da amfani ba. Kanar ba ya kallon kowa, amma duk lokacin da aka shigo da keken marasa lafiya sai ya bi shi da ido. Ran nan da aka turo wani mai bandeji a kai, har miƙewa ya yi yana nuna hanya da sanda a buɗe masa.

Tahani ta dube ta, ta dubi Ma'aruf. Ta tuna abin da tsohon ya faɗa mata a baranda, na jera sojoji da yamma. Ta tura wa Manar farantin ta ce ta ci, tamis ba ya daɗi in ya huce. Bayan sun fita ta kira Haifa, ta ba ta haƙuri, ta roƙe ta a sake dawo da Kanar Talata. Ta kuma sa Ma'aruf ya riƙa bi ta Tandabawi in ya tashi aiki, ya gaishe da tsohon, ya tabbatar masa Kanar zai zo. Wani abu guda kuma ta hana shi: kada ya ce masa komai game da ƙafa.

Makon nan bai yi mata sauri ba. Kullum da safe labarin tsohon take fara tambayar Ma'aruf. Ya ce tsohon yana nan, yana salla a zaune, ɗakin yana warin da turaren wuta bai iya rufewa ba.

Ranar Talata Baba Dawuda ya zo, wannan karon da sanda, fuskarsa ta yi toka-toka, amma takalmin ya sha mai kamar kullum. Ya ga Kanar a kujerarsa, ya ƙame ya sara, ya wuce ya zauna a baya. Tahani ta je ta durƙusa kusa da shi kamar mai gaisuwa.

"Baba, yau za a kira ka. Ina roƙonka ka tashi da kanka."

"In sha Allahu, ya binti," ya ce, irin in sha Allahun da kowa ya san ma'anarsa.

Ɗaki ya cika maƙil. Manar ta kira lambar. Ya ninke takarda. Ta sake kira. Ya ɗaga kai wajen fanka. Tahani ta san abin da za ta yi zai iya sa tsohon nan ya fita ya ƙi sake tako asibitin har abada. Ta gyaɗa wa Ma'aruf kai.

Ma'aruf ya turo keken marasa lafiya, babu kowa a ciki, ya bi ta gaban Kanar a hankali, ya kai tsakiyar ɗaki ya taka birki, ya koma tebur. Bai kai shi gaban kowa ba, bai kira sunan kowa ba.

Idon Kanar ya bi keken ya tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya buga sanda a ƙasa.

"Wannan na wane ne?"

Hira ta ɗauke. Muryar ba ta tsohon da suka saba gani ba ce, murya ce da ta saba isa ƙarshen fili ba tare da lasifika ba. Haifa ta kama hannunsa, ya zame. Ya miƙe.

"Na yi tambaya. Akwai mai rauni a cikinku. Wane ne?"

Tsofaffi suka fara gyara zama, wasu na ƙoƙarin tashi. Ba wanda ya dubi Baba Dawuda, kuma wannan rashin duban shi ya nuna kowa ya daɗe da sani. Tahani ta kafe idonta a kan tebur. Sai ta ji ƙarar kujera. Tsohon ya miƙe, ya jingine sandarsa, ya haɗa ƙafafu. Zai iya yi wa likita ƙarya, ya yi wa jikar Malam Nuru, amma hafsansa ya yi tambaya.

"Ni ne, Sidi," ya ce, wato ranka ya daɗe irin na sojan ƙasar.

Kanar ya tako har gabansa, ya dube shi daga sama har ƙasa. Babu alamar sani a fuskarsa ko kaɗan.

"Zauna. Cire takalmin."

"Sidi, ɗan..."

"Cire."

Baba Dawuda ya kwance igiyar. Takalmin ya ƙi fita sai da ya cije baki. Tahani ta zagayo da sauri ta tsaya tsakaninsa da sauran mutane, ta baza abayarta, Ma'aruf ya zo ya tsaya kusa da ita da faɗin jikinsa, Manar ma ta taso ta cike gurbin da ya rage. Tsofaffin kuwa, ba wanda ya ce musu, kowa ya mayar da fuskarsa bango. Kanar ya miƙa wa Haifa sanda, ya dafa kujera, ya sauka a kan gwiwa ɗaya da ƙyar. Ya ɗauki ƙafar da hannu biyu, ya janye tsumman da aka naɗe ta da shi, ya duba. Warin ya tashi, bai ko motsa hanci ba.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu, Sidi."

"Ka ɓoye."

Hawaye ne ke bin gemun Baba Dawuda, yana kallon gaba kamar yadda ake yi a fareti. Haifa ta taimaki mahaifinta ya tashi. Ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Wa ke da alhakin wurin nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Tahani.

Ya yi mata faɗan da rabonta da irinsa tun tana makaranta. Ya ce wane irin shugaba ne zai bar mai rauni a zaune lafiyayyu na shiga. Ya ce shugaba ba ya jiran yaro ya kawo ƙara, shi ne zai je ya duba. Ya ce in aka sake haka zai rubuta a cire ta. Duk a gaban ma'aikatanta, da tsofaffin da take ba umarni kullum. Ta tsaya ta sha, tana cewa na'am ranka ya daɗe, ba za a sake ba. Ba ta ji ciwon faɗan ba, don a ganinta rabinsa ma ta ci shi.

Ma'aruf ya matso da keken, suka ɗora Baba Dawuda. Da suka zo wucewa ta gabanta ya ɗago jajayen idanu.

"Kin kai ƙarata, ya binti."

"Ban ce komai ba, Baba."

"Na sani. Kakanki ma haka yake, ba ya magana sai dai ka ga hula ta zauna maka."

Kanar ya karɓi sandarsa ya shige gaba yana buɗe hanya, ko da yake ba wanda ya tare ta. Ya raka keken har ƙofar likitar ƙafa. Baba Dawuda ya miƙa hannu zai kama mariƙin, don hannun ya saba, Kanar ya buge shi da gefen sanda. Shi ya buɗe. Ma'aruf ya tura keken ciki. Kanar ya leƙa ya tabbatar an shiga da shi gaba ɗaya, sannan ya ja ƙofar ya rufe a hankali, ya koma kujerarsa.

Aiki ya ci gaba. Manar ta koma kiran lambobi. Takalmin hagu yana nan a ƙasa inda aka cire shi, Tahani ta ɗauka ta sa a leda ta ajiye a ƙarƙashin teburinta. An kira azahar likita ba ta fito ba, ranar jakarta ta jira ta. Da ta fito sai ta ja Tahani gefe ta ce motar asibiti za ta zo ta kai shi babban asibiti yanzu, kuma ya yarda, don ya ce umarni aka ba shi. Babban yatsa ba zai tsira ba. Ƙafar kuwa, in Allah ya so, da ita zai koma Tandabawi. Ta ce da an ƙara mako guda da ba haka za ta faɗa ba.

Tahani ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta yi kukanta gajere, ta wanke fuska ta fito.

Ɗakin jira ya watse, saura Kanar da 'yarsa. Haifa ta ce tun ɗazu take cewa duk sun shiga, ya ƙi tashi. Tahani ta je ta tsaya a gabansa.

"Ranka ya daɗe, lokacinka ya yi."

Ya ɗago ya dube ta. Faɗan ɗazu ya tafi, da alama ita ma ya manta ta. Ya nuna ƙofar likitar ƙafa da sanda.

"Akwai yaro a ciki. Sai ya fito."

"Ana kula da shi. Zai warke."

Ya gyaɗa kai yana kallon ƙofar. Can ya ce, kamar mai tambayar abin da ya dame shi tun ɗazu, "Yaron kirki ne. Yana da horo. Na wace runduna ne?"

Haifa ta juya fuska ta rufe baki da mayafi. Tahani ce ta amsa.

"Naka ne, ranka ya daɗe. Direbanka ne."

Kanar ya daɗe yana juya maganar. Ba ta ga alamar ta sami wurin zama a kansa ba. Sai ya gyara riƙon sandarsa, ya miƙe bayansa, ya mayar da ido kan ƙofar.

"To zan jira shi," ya ce.